Ƙurar Asbesto Da Ciwon Da Ta Ke Kawowa Bayan Shekaru

Kaka ta yi, amfanin gona ya shiga rumbu, kuɗi ya ɗan zo hannu. A irin wannan lokaci ne ƙungiyoyinmu na gama kai su kan tuna da gyaran gine-gine. Waɗansu za su sake rufin sito, waɗansu silin ɗakin taro ko na dispensa, waɗansu kuwa azuzuwan makaranta ne da iskar farkon damina ta yaye. Da yawa cikin gine-ginen nan an yi su ne tsakanin 1960 da 1990, zamanin da a ke yayin fallen asbesto, watau wannan rufi mai kama da siminti, da kuma fararen allunan silin masu saurin karyewa. Kafin kafinta ya jingina tsani ya hau da guduma, muna so 'yan'uwa su san abin da ke cikin allunan nan, da irin ciwon da ƙurarsu ta ke iya kawowa, da yadda likitoci su ke gane shi, da kuma iyakar abin da magani ya ke iya yi.

Asbesto dutse ne da a ke haƙowa daga ƙasa. Idan aka farfasa shi ya kan warware ya zama zare-zare kamar auduga. Wuta ba ta cinsa, ba ya ruɓa, gara ba ta taɓa shi, ga shi kuma da araha. Akwai fari, akwai mai ruwan ƙasa, akwai shuɗi. Masu masana'antu suka riƙa kwaɓa shi da siminti, wajen kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, suna yin fallen rufi, da silin, da manyan bututun ruwa. Sun sa shi kuma cikin takalmin birkin mota, da kayan naɗe tukunyar injin don tsare zafi. A ƙasarmu an kafa masana'antun irin waɗannan alluna a Ikeja da Emene kusa da Inugu wajen lokacin samun mulkin kai, daga baya kuma a Kano. Mutane sun so kayan ƙwarai, gama ɗaki mai rufin asbesto ya fi mai kwano sanyi, ba ya tsatsa, ba ya kuma damun mutum da ƙara idan ana ruwa.

Muddin allo yana nan lafiyarsa, siminti yana riƙe da zaren. Wahala tana farawa ne sa'ad da aka sa masa zarto, ko aka huda shi, ko aka kankare shi, ko ya tsufa ya fara marmashewa. Kowane zare ya kan tsage a tsaye ya zama ƙanana, su ma su sake tsagewa, har su fi gashin kai siranta sau ɗaruruwa. Ido ba ya ganinsu, ba su da wari, su kan kuma daɗe suna shawagi cikin iskar ɗaki bayan an gama aiki. Kowane manomi ya san ƙaiƙayin gero. Da ya shiga hanci sai atishawa da tari, mutum ya kauce. Ƙurar asbesto ba ta yin wannan gargaɗi. Tana wucewa shiru har ƙarshen huhu, jiki kuwa ba ya iya narkar da ita.

Inda ciwon ya ke kamawa

Duk wanda ya taɓa feɗe rago ya ga wani tantani siriri mai sheƙi da ke shimfiɗe a cikin haƙarƙari, da wani irinsa da ya lulluɓe huhu. Mutum ma haka ya ke. Tsakanin tantanin nan biyu akwai ɗan ruwa kaɗan, bai fi cokali biyu ko uku ba, wanda ya ke sa huhu ya zame ba tare da gogayya ba idan muna numfashi. Akwai irin wannan tantani a cikin ciki kewaye da hanji, da kewayen zuciya, da kewayen 'ya'yan maraina. Sankarar da ta ke tsirowa a jikin tantanin nan ita ce likitoci su ke kira mesoteliyoma. Mafi yawanta a ƙirji ta ke fitowa, sai ta ciki ta bi baya. Ta zuciya da ta maraina ba safai a kan gan su ba.

Ba ta yin ƙulli guda kamar waɗansu irin ciwon daji. Tana yaɗuwa ne a jikin tantanin, ta yi kauri, har ta kewaye huhu kamar ɓawon lemo, ta hana shi buɗewa. Wannan ne ya sa yanke ta duka ya ke da wuya.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne jinkirinta. Daga shaƙar ƙura zuwa bayyanar ciwo a kan yi shekara 20 zuwa 50, galibi wajen 40. Saurayin da ya yanka silin yana ɗan shekara 20 a 1982, ya cika 60 a 2022. Ya daɗe da barin aikin gini, ya koma gona, ya aurar da 'ya'ya. Idan numfashi ya fara yi masa wuya, ba shi ba, ko likita ma ba lalle ne ya tuna da zarton shekara 40 da suka wuce ba.

Yadda aka gano tushen ciwon

Labarin ya fito ne daga nahiyarmu, kuma ya kamata mu saurare shi da kyau domin ya yi kama da halin da mu ke ciki. A shekarun 1950 akwai wani likita mai suna Sleggs da ke shugabancin asibitin tarin fuka na West End a garin Kimberley, a Afirka ta Kudu. A lokacin sababbin magungunan tibi sun zo, masu ruwa a ƙirji suna warkewa suna komawa gida. Sai ya lura cewa waɗansu marasa lafiya da su ke zuwa daga yammacin garin, wajen Kuruman, ba sa samun sauƙi ko kaɗan. Alamunsu iri ɗaya ne da na sauran, magani iri ɗaya, amma su mutuwa su ke yi. Yankin nan kuwa shi ne inda a ke haƙar shuɗin asbesto.

Wani likita mai binciken tsoka, J. C. Wagner, ya haɗa kai da shi da wani likitan fiɗa mai suna Marchand. A 1960 suka buga rahoto a kan mutum 33 masu wannan sankara. Duka, ban da mutum ɗaya, sun yi cuɗanya da shuɗin asbesto. Da yawa cikinsu ba su taɓa aikin haƙa ba. Waɗansu sun yi wasa ne a kan tulin marmashin dutsen suna yara, waɗansu gidajensu ne ke kusa da injin niƙa shi.

A 1965 waɗansu masu bincike biyu a Landan, Muriel Newhouse da Hilda Thompson, suka bi tarihin masu ciwon a wani babban asibitin birnin. Suka tarar 9 cikinsu dangin ma'aikatan asbesto ne kawai, irin matan da su ke kakkaɓe kayan aikin mazansu su wanke, 11 kuma zama kurum suka yi kusa da masana'anta. A ƙasar Turkiyya da Girka ma an sami ƙauyuka na manoma zalla inda ciwon ya yi yawa, domin ƙasar da su ke haƙa su shafe ɗakunansu da ita, ko dutsen da su ke gini da shi, yana ɗauke da irin wannan zare. Ashe ba ciwon ma'aikacin kamfani kaɗai ba ne.

Yau hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar cewa kowane irin asbesto, har da farin, yana kawo wannan ciwo, da sankarar huhu, da ta maƙogwaro, da ta kwan mace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da 200,000 su ke mutuwa kowace shekara saboda asbeston da suka shaƙa a wurin aiki. Ƙasashe fiye da 60 sun haramta shi. Birtaniya ta hana shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu a 2008. Duk da haka a Birtaniya mutum sama da 2,000 su ke mutuwa da mesoteliyoma kowace shekara, daga ƙurar da suka shaƙa tun suna samari. Rasha da Kazakistan da Sin kuwa suna kan haƙarsa.

Kada wannan ya tsorata kowa fiye da kima. Ciwo ne da ba shi da yawa. Ko cikin ma'aikatan da suka sha ƙurar shekara da shekaru, galibi ba su kamu ba. Wanda ya yi zamansa kawai a ƙarƙashin silin da bai fashe ba, haɗarinsa kaɗan ne ƙwarai. Amma gwargwadon yawan ƙurar da mutum ya shaƙa, gwargwadon haɗarinsa, likitoci kuwa ba su sami wani ma'auni da za a ce ƙasa da shi babu komai ba. Ba a ɗaukar ciwon daga mai shi. Ana iya cin abinci da shi a kwano ɗaya, a kwana ɗaki ɗaya.

Alamu, da yadda likita ya ke bincike

Alama ta fari yawanci haki ce. Mutumin da ya saba tafiya gona da ƙafa sai ya ga yana tsayawa a hanya. Dalili kuwa ruwa ne ya taru tsakanin huhu da haƙarƙari, wani lokaci lita biyu ko uku, ya danne huhun. Sai ciwo mai nauyi a gefe ɗaya na ƙirji ko a kafaɗa, wanda ba ya tafiya. Sai busasshen tari, da rama, da gajiya, da zufa da dare. Idan a ciki ne, ciki ya kan kumbura da ruwa, abinci ya fita a rai, mutum ya rame alhali cikinsa yana girma.

Wanda ya karanta alamun nan zai ce, ai wannan tibi ne. Gaskiyarsa. A ƙasarmu, wadda ke cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, idan aka sami ruwa a ƙirji, tibi ne ko namoniya ko ciwon zuciya ya fi zama sanadi, nesa ba kusa ba. Saboda haka daidai ne a fara da gwajin majina da hoton ƙirji, kuma gwaji da maganin tibi kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Kada kowa ya ƙi shan maganin tibi, ko ya yanke shi kafin wata 6, don ya karanta wannan shafi. Abin da mu ke cewa shi ne wannan: idan dattijo ya sha maganin wata biyu bisa ƙa'ida, ruwa yana ta dawowa, ciwon ƙirji yana ƙaruwa, rama ba ta tsaya ba, to a koma wurin likita a nemi ƙarin bincike. Abin da Sleggs ya gani a Kimberley ke nan.

A nan mara lafiya yana da abin da zai taimaki likita da shi wanda babu na'urar da za ta iya, watau tarihin aikinsa. Idan likita ya ce, "Baba, mene ne sana'arka?" sai dattijo ya ce noma, a rubuta manomi, magana ta ƙare. Bai faɗi shekara biyar da ya yi yana cin rani a wurin gini a Kaduna ba, ko zamansa a garejin wansa yana hure ƙurar birki da baki, ko aikin shimfiɗa bututun ruwa. Mata su ma su faɗi aikin da miji ko uba ya yi, idan su ne masu wanke kayansa. A faɗa ko ba a tambaya ba.

Hoton ƙirji zai nuna ruwa, wani lokaci da kaurin tantani. Daga nan likita ya kan sa allura ta tsakanin haƙarƙari ya zuƙo ruwan. Wannan yana kawo sauƙin numfashi nan da nan, ruwan kuma a kai shi ɗakin gwaji a duba tibi da ƙwayoyin sankara. Ba a kan zuƙe fiye da lita ɗaya da rabi a zama ɗaya ba. Sai dai ruwan sau da yawa ba ya nuna sankarar ko da tana nan, don haka in an ce ba a ga kome a ruwa ba, ba a wanke mutum ba tukuna. Babban hoto na siti-sikan ya fi nuna yadda tantanin ya yi kauri da inda ciwon ya kai. Amma tabbaci ba ya samuwa sai an gutsuro ɗan tsokar tantanin, ko da allura ta musamman, ko ta wani siririn bututu mai fitila da a ke zurawa cikin ƙirji. Masanin tsoka zai duba ta a madubin likita, ya rina ta da waɗansu sinadarai da su ke bambanta mesoteliyoma da sankarar huhu ko ta nono da ta yaɗu zuwa wurin. Irin wannan aiki na asibitocin koyarwa ne, kamar na Shika a Zariya, da na Kano, da Jos, da Maiduguri, da Sakkwato. A nemi takardar turawa daga asibitin gida, a kuma tafi da duk hotunan da aka riga aka ɗauka.

Mun san mutanenmu suna tsoron a taɓa ciwon daji da ƙarfe. Amma ba tare da gutsuren nan ba, likita lalube ya ke yi. Mai yiwuwa ma sakamakon ya nuna tibin tantani ne, wanda a ke warkewa sarai. Idan kuwa mesoteliyoma ce, gwajin zai faɗi irinta. Akwai iri uku. Wadda ta fi yawa, mai ƙwayoyi kamar na fata, ta fi jin magani. Mai ƙwayoyi dogaye kamar zare ta fi saurin yaɗuwa. Ta uku gaurayen biyun ce.

Wani lokaci hoto ya kan nuna waɗansu fararen tabo masu tauri a jikin haƙarƙarin tsohon ma'aikaci. Waɗannan shaida ce cewa ya taɓa shaƙar asbesto, amma su ba sankara ba ne, ba sa kuma rikiɗewa su zama ita.

Abin da magani ya ke iya yi

Za mu faɗi gaskiya yadda ta ke. Mesoteliyomar ƙirji, a wurin yawancin masu ita, ba ta warkewa, ko a Ingila ko a Amurka. Abin da a ke nema shi ne a ƙara wa mutum kwanaki, a kuma sa kwanakin su zama na sauƙi.

A 2003 aka buga sakamakon wani babban gwaji na magunguna biyu da a ke sawa ta jijiya kowane mako uku, pemetrexed da cisplatin. Rabin waɗanda aka ba su biyun sun wuce wata 12 a raye, alhali waɗanda aka ba cisplatin kaɗai, rabinsu wata 9 suka wuce. A kan haɗa da sinadaran ƙarin jini, folik asid da bitamin B12, don rage illar maganin. Shekara da shekaru wannan ne kawai abin da a ke da shi. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da waɗansu biyu, nivolumab da ipilimumab, waɗanda ba sa kashe sankarar da kansu, sai dai su ta da garkuwar jiki ta yaƙe ta. A gwajinsu, rabin marasa lafiya sun wuce wata 18, a kan wata 14 na masu tsohon magani, kuma masu irin nan mai saurin yaɗuwa su ne suka fi amfana. A 2024 aka amince da haɗa wani ɗan'uwansu, pembrolizumab, da tsohon maganin. Ci gaba ne, amma na watanni ne, kuɗinsu kuma ya fi ƙarfin manomi nesa.

Batun fiɗa ya ba likitoci mamaki. An daɗe ana ganin cewa idan aka ɗaye tantanin duka, ko aka cire shi tare da huhu ɗaya, mutum zai fi daɗewa. Likitocin Birtaniya suka gwada, suka buga sakamako a 2024. Waɗanda aka yi wa babbar fiɗa tare da magani, rabinsu sun wuce wata 19. Waɗanda aka ba magani kaɗai, rabinsu sun wuce kusan wata 25, kuma ba su sha wahala kamar na farkon ba. Watau wuƙa ba ta ƙara kome ba, ta ma rage. Ta ciki ce ta bambanta. A waɗansu manyan cibiyoyi, idan mara lafiya yana da sauran ƙarfi, a kan yanke duk abin da ido ya gani, sa'an nan a wanke cikin da ruwan magani mai ɗumi, kuma rabin waɗanda aka zaɓa aka yi wa haka sun wuce shekara 4.

Lissafin nan na taro ne, ba na mutum ɗaya ba. Wani masanin kimiyya Ba'amurke, Stephen Jay Gould, an same shi da mesoteliyomar ciki a 1982, littattafai kuwa a lokacin suna cewa rabin masu ita ba sa wuce wata 8. Ya yi shekara 20 yana koyarwa yana rubutu, wani ciwo dabam ne ya yi ajalinsa a 2002. Irinsa ba su da yawa, amma akwai su.

Abin da ya fi kusa da hannunmu, kuma a ganinmu ya fi muhimmanci, shi ne sauƙaƙa wahala. Idan ruwa yana yawan dawowa, likita zai iya zuƙe shi ya zuba wata hoda ta musamman da za ta manne tantanin biyu, ruwa ya rasa wurin taruwa. Ko a bar wani siririn bututu a gefen ƙirji wanda za a riƙa tsiyaye ruwan a gida. Gashi da na'ura ya kan rage ciwon da ya tsaya wuri ɗaya. Ga ciwo mai tsanani kuwa akwai mofin na sha, wanda ba shi da tsada, yana kuma taimakon haki. Waɗansu iyalai su kan ƙi shi don tsoron kada mai jinya ya zama ɗan ƙwaya, ko don suna tsammani allurar sallama ce. Idan likita ne ya auna shi, ba haka ba ne. Barin dattijo yana nishi dare da rana alhali akwai abin da zai sa ya yi barci, ba tausayi ba ne.

Kafin iyali su sayar da shanun huɗa ko su jinginar da gona, su zauna da likita su tambaye shi dalla-dalla: maganin nan na warkarwa ne ko na jinkirtawa? Zagaye nawa za a yi, nawa ne kuɗin dukansu, ba na farko kaɗai ba? In ba a yi ba, me zai faru? Likitan kirki ba zai ji haushin tambayoyin nan ba. Iyalin da suka zaɓi sauƙaƙa ciwo kawai, su riƙe gonar marayu, ba su yi laifi ba, kada kuma 'yan ƙungiya su bi su da gori. Mai jarka a kasuwa da ya ce zai warkar da daji cikin mako biyu, kuɗinku ya ke so. Wanda kuma ya kamu ta dalilin aikin albashi, ya nemi shawara a kan dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta shafi cututtukan da aiki ya jawo, ya kuma adana duk wata takardar shaidar aikinsa.

Taba ba ta kawo mesoteliyoma. Amma wanda ya shaƙi asbesto kuma yana shan sigari, haɗarin sankarar huhu a gare shi ya ninka sau da yawa. Tsohon kafinta ko birkila ko bakanike da ya bar taba yau ya rage wa kansa babban kaso.

Mu koma kan rufin sito

Ido ba ya iya bambanta allo mai asbesto da sababbin allunan siminti da a ke yi ba tare da shi ba. Idan ginin tsoho ne, a ɗauka akwai. In rufin ko silin yana nan lafiya, abin da ya fi shi ne a bar shi inda ya ke. Silin a shafa masa fenti ba tare da an goge shi da samfefa ba. Rufin kada a kankare gansakukarsa da buroshin ƙarfe, kada kuma a taka shi, gama tsohon falle ya kan burma da mutum. Ruwan sama da aka tara daga irin rufin nan, ko wanda ya biyo ta bututun asbesto, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sami tabbatacciyar shaida cewa shansa yana cutarwa ba. Shaƙa ce abin gudu.

Idan ya zama tilas a sauke, a fitar da hatsi da taki da kujeru tukuna, a kori yara da 'yan kallo, a zaɓi ranar da babu iska. Kwanakin hunturu masu busa ba su dace ba. A jiƙa allunan sharkaf da ruwa mai ɗan sabulu, a ci gaba da jiƙawa har a gama. A kwance ƙusa ko noti a hankali, a miƙo kowane falle ɗungum hannu da hannu, kada a jefo shi ƙasa. Injin yanka mai lantarki kuwa kada ya matso kusa, domin shi ne ya fi kome ta da ƙura. Ƙyallen rawani ko takunkumin asibiti ba ya tare wannan zare. Sai takunkumi mai matata na musamman, mai lamba P3 ko P100, wanda ya kama fuska sosai, kuma ƙungiya za ta iya sayen kaɗan ta ajiye kamar yadda ta ke ajiye injin feshi. Marmashin da ya zuba a kwashe shi a jiƙe da tsumma, ban da tsintsiya. Masu aiki su sa tsofaffin kaya da za a zubar tare da tarkacen, su yi wanka a wurin kafin su shiga gida. Kada uwargida ta ga kayan nan, balle ta kakkaɓe su.

Sauran magana ita ce ta ɓaraguzai, kuma nan ne halinmu na rashin zubar da abu ya ke iya cutar da mu. Mun saba ganin gutsuren asbesto a akurkin kaji, a katangar lambu, a kan murhu, a cikin ramin hanya inda kowace mota za ta niƙa shi, har a hannun yara suna zane da shi a ƙasa kamar alli. Kada a raba wa membobi, kada a sayar, kada kuma a jefa a wuta, gama ba ya ƙonewa, fashewa ya ke yi ya watsa zaren. A naɗe shi cikin leda mai kauri riɓi biyu. Inda hukumar tsabtar muhalli ta ke da wurin karɓar irin wannan shara, a kai can. Inda babu, a tuntuɓi duba-gari, a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya da gona da hanyar ruwa, a binne, a sa alama. Magatakardan ƙungiya ya rubuta cikin littafin taro ranar da aka yi aikin, da wurin ramin, da sunayen waɗanda suka hau rufin, domin mai haƙa harsashin gini a wurin nan gaba ya sani, likitan da zai duba ɗaya daga cikinsu bayan shekara 30 kuma ya sami abin da zai karanta.